Om Darwis da Lambun Ƙarƙashin Teku

Wallahi duk wanda bai sauko bakin teku ranar Asabar ba, an yi babu shi. Kuma kar ku saurari yadda Om Darwis yake ba da labarin, ni zan gaya muku yadda aka yi tun daga farko, don rabi a gabanmu aka yi, rabin kuma yayarsa Tanta Saleha ce ta zo har kicin ɗinmu ta zazzage wa Mama.

Kun dai san wata uku ke nan da ya sauko daga jirgin Ambon, bayan ya yi wata takwas a Bali. Mutum ya tafi da silifas ɗaya ja ɗaya kore, ya dawo da baƙin tabarau da wani agogo mai faɗin murfin kofi, wai agogon nutso ne, yana aiki har zurfin mita ɗari biyu. Amma ko alwala zai yi sai ya cire shi ya sa a aljihu. Tun daga ranar kunnen kowa bai huta ba. A Bali ya nutsa da Turawa. A Bali kifin shak ya zo ya shinshina shi ya sunkuyar da kai ya wuce. A Bali in ya makara jirgi ba ya tashi.

Wannan na ƙarshen ma gaskiya ne, don shi ke ɗauko tukwanen iska daga mota ya loda a jirgi, da yamma ya wanke rigunan roba ya shanya. Aikinsa ke nan. Ninƙaya kam ya iya, waye bai iya ba a tsibirin nan? Ya riƙe numfashi ya taɓo ƙasa a ruwa mai zurfin gaba biyu, wannan ba komai ba ne a wurinsa. Amma ya goya tukunya, ya cusa roba a baki, ya sauka can inda ruwa ke yin baƙi? Sau ɗaya tak ya gwada, a tafkin wankan otal, ya fito yana tari yana kiran sunan babarsa.

To sai ga ƙauyenmu ya samu sabon jirgi na kai baƙi masu nutso, fari fat, da rumfa shuɗiya da inji biyu. Bapa Raja, mai garinmu, ya rataya makullin a wuyansa da zare, ya ce zai damƙa shi ga wanda ya fi iya kula da baƙi. Mutum biyu suka fito nema. Ɗaya Caca Ija, wadda ta je Ambon ta koyi nutso da tukunya har aka ba ta takarda, ga shi tun tana ƙarama take bin babanta kamun kifi, babu ramin da ba ta sani ba a gindin Dutsen Wuta. Ɗayan kuma ba sai na faɗa ba. Makullin nan ya shiga ran Om Darwis har ya sayi sarƙar da zai rataya shi tun ba a ba shi ba.

Suka haɗu a barandar Bapa Raja, Caca Ija ta ajiye takardarta a kan tebur.

Om Darwis ya leƙa ta ta saman tabarau ya ce, "Bapa, a Bali irin wannan ai ta 'yan koyo ce. Mu da muka wuce nan ba ma yawo da ita."

"Taka tana ina, Om?" in ji Caca Ija.

"Tana can. Sun roƙe ni in bar musu, sun manna a bango."

"Bangon ofis ko na wurin wanki?"

Ya yi kamar bai ji ba. Shi kuwa Bapa Raja abokin marigayi baban Om Darwis ne, tare suka yi yawon kamun kifi shekara talatin, don haka zuciyarsa ta riga ta karkata. Ya ce akwai baƙi biyu da za su sauka ranar Juma'a. Darwis ya ɗauke su Asabar, Ija ta ɗauke su Lahadi, wanda baƙi suka fi yabawa shi ke da makulli.

"Ina za ka kai su?" Bapa Raja ya tambaya. "Inda wutar dutse ta gangara cikin teku? Can murjani ya fi kyau."

Can fa zurfin mita ashirin ne. Om Darwis ya san haka sarai, amma bakinsa ya riga ya tafi.

"Can ai kowa yake kai baƙi, Bapa. Ni ina da wurina, ba wanda ya san shi. Lambun Darwis. Jatan lande a wurin kowanne kamar cinyata, sai ka ture su da ƙafa kafin ka wuce."

"A ina?" in ji Caca Ija.

"In na faɗa ai ya zama Lambun Ija."

Haka ya koma gida da lambu a baki, babu lambu a teku. Ya kwanta a tabarma ya dinga juyi, har dabara ta zo masa, irin dabarar da in ta zo wa mai hankali sai ya yi a'uziyya. Bayan tsohuwar gada akwai wani fili mai farin yashi da 'yan duwatsu jefi-jefi, zurfin ruwansa gaba guda da ɗan kai. Ko tsoro ya kama mutum a can, dungurin ƙafa ɗaya ya fito. Matsalar kawai, babu komai a wurin sai yashi. Manyan jatan landen suna gefen gabas, inda aka sa sasi, wato dokar hana kamu ta gargajiya.

Shekara biyu ke nan da dattawa suka kafa sanda a can cikin ruwa suka ɗaura mata ganyen kwakwa, kuma ko ɗan yaye ya san in ganyen nan yana sama, hannu ba ya taɓa jatan landen wurin har ranar da Tete Mochtar, mai tsaron sasi, ya kwance shi da kansa. Shi ya sa suka yi ƙiba suka yi yawa, har suna leƙowa daga ramuka suna kaɗa gashin baki ba sa tsoron kowa. Amma Om Darwis ya yi wa kansa fatawa. An ce kar a ci, an ce kar a sayar. Waye ya ce kar a canza musu unguwa na kwana biyu?

Ranar Laraba daga sallar asuba ya zame a ƙaramin kwalekwale, teku a cike taf, ya kamo huɗu ya kai su bayan gada ya ajiye kowanne gindin dutse kamar mai jera kayan ɗaki. Alhamis ya koma ya duba, ko ɗaya babu. Sun yi tafiyarsu. Ya tsaya yana zaginsu wai ba su da godiya, ya ba su wuri mai haske sun ƙi.

Da hantsi Tanta Saleha ta fito tsakar gida ta tarar da wankinta a ƙasa, kaji suna tafiya a kai.

"Darwis, ina igiyar shanyata?"

"Wace igiya, Caca Saleha?"

"Shuɗiyar da na sayo a Ambon. Igiya nawa gare ni?"

"Iska ce. Jiya an yi iska."

"Iskar da ta kwance ƙulli biyu ta bar kamfai a ƙasa? Me ya sami hannunka duk ya kakkarce?"

"Kyanwa."

"Kyanwa mai warin teku?"

"Caca, duk kyanwar tsibirin nan warin teku take yi."

Igiyar nan ya warware ta sili-sili ya yayyanka. Asubar Juma'a da ta Asabar ya kwaso jatan lande har goma sha bakwai, ya ɗaure kowanne a ƙugu, ya ɗaure ɗaya bakin zaren a dutse, kamar awakin da aka kai kasuwa. Ya leƙa daga kwalekwale ya gan su can ƙasa suna ta kaɗa gashin baki, ya ce wa kansa ko a Bali babu wannan.

Ƙarfe bakwai na safiyar Asabar baƙi suna kan gada. Ɗaya Pak Hendro ne daga Jakarta, mai tumbi, da waya a kan sanda, duk abin da ya motsa sai ya ɗauka. Ɗayar wata 'yar tsohuwa ce daga Japan, ƙarama kamar 'yar aji ɗaya, kai fari fat, Oma Fumiko. Bapa Raja ya ara wa Om Darwis makullin na wuni ɗaya, ya ce Ija ta bi su ta riƙe igiyar jirgi.

Om Darwis ya tari Oma da Turancin Bali, wanda rabinsa hannu ne. Sannan ya juya ga Pak Hendro ya ce da harshenmu, "Wannan tsohuwar in ta suma a ƙasa kar ka damu, ni zan ɗauko ta."

Sai Oma ta amsa da harshenmu, tsaf kamar mai karanta labarai a rediyo, "Na gode, ɗana. Wannan ne nutsona na dubu da ɗari biyu kuma ban taɓa suma ba, amma yana da kyau a shirya."

Caca Ija ta sunkuya tana gyara igiyar da ba ta buƙatar gyara, kafaɗunta suna rawa. Da ta ɗago ta ce, "Om, mu tafi yanzu. Sabon wata ne, da rana teku zai janye sosai."

Ya kalli tukwanen iska huɗu a jere a cikin jirgi, ɗaya tasa ce. Ya ce a ransa, in ruwa ya ɗan ragu ai gara, zurfi ya ragu ke nan. Shi fa duk zuwan da ya yi lambun nan da asuba ne, teku a cike, ko sau ɗaya bai gan shi da rana ba. A fili kuma ya ce, "Ija, a Bali ba a jefa baƙo a ruwa haka kawai. Sai ya ga gari tukuna."

Ya kwashe su zuwa tsohuwar ganuwar 'yan Holand da ke kan tudu. Ya dafa igwar nan ta bakin ƙofa ya ce kakan kakansa ne ya ɗauko ta a kafaɗa daga bakin teku.

Pak Hendro ya duba allon da ke gefe. "An rubuta nauyinta ton biyu fa."

"Shi ya sa ya huta sau ɗaya a hanya."

Sai ya ce a ɗauke shi hoto a kanta. Ƙarfen da rana ta daka tun safe, shi kuma da gajeren wando. Ya haye, ya ɗaga yatsa biyu, bai kai ga murmushi ba ya diro yana tsalle yana riƙe da cinyoyi yana zagaya igwar.

"Wannan rawar gargajiya ce?" Oma ta tambayi Caca Ija.

"Ta Bali ce, Oma."

Daga nan ya ce sai sun ga gyaɗar ƙamshi a kan bishiya. Suka gangara gonar Nene Boki, tana zaune tana fasa 'ya'yan da wuƙa tana ware jan bargon gefe guda. Ya fizge doguwar gorarta mai ɗan kwando a kai ya ce zai nuna musu yadda ƙwararru suke tsinka.

"Ajiye min gora, Darwis. Kai da ko tsintar wadda ta faɗo ba ka iya ba."

"Nene, a Bali…"

"A Bali akwai gyaɗar ƙamshi ne?"

Ya miƙa gorar sama, da baƙin tabarau a cikin inuwa, ya ga wani abu dunƙule a cikin ganye ya ce ga babba, ya fizgo. Gidan jajayen tururuwa ne. Rabi a kansa, rabi a wuyan rigar Pak Hendro. Mutum biyu manya suna tuɓe riga suna marin kansu a gaban tsohuwa, wayar tana ƙasa tana ɗaukar sama.

Nene Boki ko tashi ba ta yi ba. Ta ce, "Shekara saba'in ina gonar nan ban taɓa ganin wanda ya tsinko tururuwa da gora ba. Ka iya abin da ban iya ba."

Aka ba su shayin kirfa suka sha, Om Darwis ya sha kofi uku yana hura kowanne kamar mai jiran azahar. Da ya ƙare ya nuna Dutsen Wuta ya ce yanzu sai hawa, awa biyu kawai.

"Na hau jiya da na sauka jirgi," in ji Oma. "Ɗana, nutso muka zo. Ko lambun naka ya ƙaura ne?"

Ba sauran wurin ɓuya. Rana ta kusa tsaka suka koma jirgi. Nan fa, gaskiya ɗaya ce, ya haɗa wa baƙi kayansu cikin ƙiftawar ido, ya ɗaura tukunya, ya murɗa, ya gwada iska, har Oma ta gyaɗa kai. Sannan ya juya kan nasa. Ya sa rigar roba, ya ɗaura damarar dalma biyu maimakon ɗaya don kar ya taso sama a gaban mutane, ya sa takalman nan masu kama da ƙafar agwagwa, ya goya tukunya, ya manna gilashi a fuska tun jirgi bai tashi ba. Gumi ya sa gilashin ya yi hazo, ko hannunsa ba ya gani. Dole ya miƙa wa Caca Ija makullin ta tuƙa, shi ya zauna a gefen jirgi ya ba ruwa baya.

"Ina muka nufa, Om?"

"Bayan tsohuwar gada."

"Bayan gada? Om, can ai yanzu…"

"Tuƙa kawai, Ija. Ba tambaya aka ɗauko ki yi ba."

"To, Om."

Mu kuma an tashe mu daga makaranta, mun tuɓe takalma mun bi iyayenmu mata bakin teku da kwanduna, don ranar babbar janyewa ai kowa tsintar ƙananan katantanwa yake fita. Rabin matan gari suna kan yashi. Sai ga farin jirgi ya zagayo gada a hankali, Caca Ija ta kashe inji ta ɗage su, ta ɗauki gora tana tura shi don kar cikinsa ya goge ƙasa. Muka tsaya muna kallo, me ya kawo jirgin nutso inda ruwa bai kai cinya ba?

Shi kuwa yana zaune yana huɗuba, muna jiyo shi. "Ku biyo bayana, kar wanda ya wuce ni. In kun ga duhu kar ku tsorata, haka zurfi yake. In kun ga babban kifi ku kalle ni, abin da na yi ku yi."

Oma ta leƙa ruwa, ta kalli Caca Ija. Caca Ija ta ɗora yatsa a leɓe.

Ya cusa roba a baki, ya runtse ido, ya yi bismilla ta hanci, ya kifa da baya yadda ya ga Turawa suna yi.

Tim. Tukunya ta caki yashi. Ruwa ya rufe masa fuska da ƙirji kawai, ƙafafun agwagwa suna sama a cikin iska suna ta wutsil-wutsil. Dalma biyu ta danne shi, ya kasa juyawa, kamar kunkurun da aka kifar. Kuma wallahi bai san inda yake ba. Ido a rufe, kumfa tana ta fita bul-bul-bul, shi a zatonsa sauka yake yi. Har ya ɗago hannu ɗaya, hannun ya fito sama da ruwa, ya haɗa yatsa biyu ya yi alamar nan ta masu nutso, wai komai lafiya.

Oma ta ɗaga ƙafa ta tsallako daga jirgi ta tsaya a gefensa, ruwa iya gwiwarta, ita da take 'yar ƙarama. Pak Hendro dariya ta hana shi riƙe sanda, sai da ya haɗa hannu biyu. Mata suka ajiye kwanduna suka yo kansa, wasu suna faɗuwa a ruwa don dariya. Tanta Saleha ta ratsa ta zo, ta sunkuya ta ƙwanƙwasa masa gilashi da cokalin tonon yashi.

"Darwis, tashi, ka iso."

Mata huɗu suka ɗago shi zaune. Ya cire gilashi ya ga garin gaba ɗaya a kansa. Ya tofar da roba ya ce, "Gwaji ne. A Bali sai an fara gwada kaya a ruwa kaɗan."

Tanta Saleha ta ja da baya za ta ba shi amsa, sai wani abu ya sarƙe mata ƙafa. Ta sa hannu ta ɗago. Zare ne shuɗi. Ta ja, ta ja, sai ga ƙaton jatan lande ya biyo, ɗaure a ƙugu, yana kaɗa wutsiya.

"Igiyata," ta ce a hankali.

Wata ta ɗago wani a gindin dutse na gaba. Wata ma haka. Dariyar nan ta mutu lokaci guda, don kowa ya san jatan lande mai wannan girman wuri ɗaya kawai yake a tsibirin nan. Ba wanda ya aiki kowa, amma kafin Om Darwis ya cire ƙafar agwagwa ɗaya, ga Tete Mochtar nan tafe da sandarsa, zani a naɗe har gwiwa.

Aka bi duwatsu ɗaya bayan ɗaya aka kwance su. Tete ya ƙirga da kansa sau biyu, goma sha bakwai, duk da ransu. Caca Ija ta zuba su a bahon ruwa ta mayar da su gabas, Oma ta bi ta, suka sauka da tukunya suka sa kowanne a bakin rami.

Bayan azahar aka taru a barandar Bapa Raja, mutane har kan katanga.

"Tete, ban ci ba, ban sayar ba," in ji Om Darwis. "Yawon buɗe ido na kai su. Su ma ai suna da haƙƙin ganin gari."

"Ganyen kwakwa bai san ci ba, bai san sayarwa ba," in ji Tete Mochtar. "Hannu ya sani. Ka taɓa ko ba ka taɓa ba?"

"Da safar hannu ɗaya…"

"Ka taɓa ko ba ka taɓa ba?"

"Na ɗan taɓa."

Bapa Raja yana ta share gumi yana neman ƙofar da zai fitar da ɗan abokinsa. Ya juya ga baƙi ya ce su faɗi gaskiya, yaya suka ga jagoransu? Pak Hendro, wuyansa duk cizon tururuwa, ya ce ya je ƙasashe tara bai taɓa jin daɗin tafiya irin ta yau ba. Oma ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mai saurin haɗa tukunya kamarsa ba. Bapa Raja ya cafke maganar nan da hannu biyu.

"Kun ji dai, baƙi sun yaba. To ga hukunci. Zai zagaya gari da sarƙar ɓawo a wuya kamar yadda aka saba, ya faɗi laifinsa a kowace ƙofa. In ya gama, shi zai riƙe makulli ya riƙa tuƙi, Ija ta riƙa sauka da baƙi."

Caca Ija ta buɗe baki, babarta ta take mata ƙafa. Tete Mochtar ya ce, "Tun da sha bakwai aka ɗauka, sha bakwai suka koma, na yarda. Amma da ko ɗaya ya ɓata, hannunsa ba zai taɓa kayan gari ba muddin ina numfashi."

Da la'asar aka rataya masa sarƙar tsoffin ɓawon jatan lande, mai wari, tana ƙaras-ƙaras a ƙirji. Tete a gaba da ganga, Bapa Raja a baya ya riga ya ciro makullin da aka mayar masa daga wuya yana riƙe da shi, mu kuma duk muna biye. A ƙofar farko da ƙyar aka ji muryarsa, "Ni Darwis, na taɓa sasi." A ta biyu ma haka. Amma wajen ƙofa ta goma sai ya waiga ya ga taron da ke bayansa, ya ga wayar Pak Hendro a saitin fuskarsa, sai kafaɗa ta fara tashi. Ya ciro baƙin tabarau ya maƙala. Muryar ta koma ta mai shela. Wai har da ɗaga wa mutane hannu.

Saura ƙofa uku a gama aka zo shagon shayi, masunta suna zaune a benci. Ɗayansu, Om Sahrun, ya kurɓi shayi ya ce, "Darwis, duk wannan gangar a kan sha bakwai? Kai da ka yi Bali? Ai matata ma in an buɗe sasi tana kama fiye da haka kafin shinkafa ta nuna."

Benci ya fashe da dariya. Om Darwis ya tsaya cak.

"Sha bakwai wa? Wanda kuka gani ke nan. Talatin na kama. Da hannu, numfashi ɗaya ɗaya."

Ganga ta tsaya.

Tete Mochtar ya juyo a hankali. "Talatin?"

"Talatin."

"To ina sha uku?"

Bapa Raja ya matso da sauri ya kama masa hannu, makullin yana lilo tsakaninsu. "Darwis, ɗana, baki ne ya zame. Ka ce sha bakwai ne mu wuce. Saura ƙofa uku."

"Ka ce ƙarya ka yi," in ji Tanta Saleha daga baya. "Ai ba yau ka fara ba, kowa zai yarda."

Om Darwis ya kalli makulli. Ya kalli Om Sahrun da ke murmushi a bayan kofi. Ya kalli wayar nan a kan sanda, ya kalle mu duka, gari guda an zuba masa ido, ba mai tari. Ya gyara zaman tabarau.

"Yanzu na tuna," ya ce. "Talatin da ɗaya ne."

Bapa Raja ya saki hannunsa. Bai ko juya ba ya miƙa makullin ta bayan kafaɗa, Caca Ija ta karɓa ta zura a aljihu. Tete Mochtar ya gyara rataye ganga, ya nuna masa hanyar da muka fito da bakin sanda.

"Koma ƙofar farko," ya ce. "Ka faɗa musu sabon adadin."